Hanta a Dama Take: Fashin Baƙi Kan Wasannin Kwamfuta Masu Koya wa Yara Sassan Jiki

A gidajen Hausawa da yawa a Makka, Jidda da Madina, waya ko kwamfutar hannu ta riga ta shiga sahun kayan makaranta. Tun 2020, da annobar korona ta rufe ajujuwa, Ma'aikatar Ilimi ta Saudiyya ta mayar da darasi kan dandalin Madrasati, yaron da ake hana shi taɓa waya sai ga shi an saya masa tasa. An koma aji, na'urar kuwa ta zauna daram. Iyayen da ke neman abin da ya fi tseren mota da harbe-harbe amfani sukan faɗa kan wasannin da ke iƙirarin koya wa yaro jikin ɗan Adam: ƙasusuwa, zuciya, huhu, hanji da sauransu. Wasu suna koyarwa da gaske. Da yawa kuma hoton jiki kawai aka manna a kan wasan da ba ruwansa da jiki. Mai son bambancewa ya ɗauke idonsa daga kyawun hoton, ya kalli yatsan yaron. Me yake yi, kuma a kan me wasan ke ba shi maki? Abin da ake ba shi maki a kai shi zai koya, ko me aka rubuta a tallan manhajar.

Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne na ja-ka-ajiye. Ana nuna gangar jiki babu komai a ciki, a gefe kuma an jera hanta, tumbi, ƙoda da zuciya, yaro ya jawo kowanne ya kai mazauninsa. A cikin injin wasan, kowace gaɓa hoto ce da aka ba ta wata ɗigo guda a matsayin gidanta, aka kewaye ɗigon da tazarar da ido ba ya gani. Da zarar yaro ya saki hoton a cikin tazarar nan, sai ya zabura da kansa ya manne a wurin. Matsala ta farko daga faɗin tazarar take. Masu haɗa wasa ba sa son yaro ya gaji ya fita, sai su buɗe ta sosai, har ta kai ko a tsakiyar ciki ya wurga hanta za ta nemi gidanta da kanta. Ta biyu ita ce inuwar gaɓar da akan zana a mazauninta. Ɗan shekara huɗu da bai taɓa jin sunan saifa ba zai kammala wasan tsaf ta hanyar haɗa siffa da inuwarta, a yi masa tafi da taurari, alhali bai ƙaru da komai game da saifa ba. Wasa mai kyau na wannan rukuni yakan nuna inuwar a zagayen farko kaɗai, ya janye ta a na biyu, ya riƙa matse tazarar, kuma idan yaro ya ajiye gaɓa inda ba wurinta ba ya faɗa masa dalili: ƙoda ba a gaba take ba, tana can baya, gefen ƙashin baya, ƙarƙashin haƙarƙari na ƙarshe.

Na tambaya-da-amsa ba ya buƙatar dogon bayani. Zaɓi huɗu na nufin mai canki-canki zai dace sau ɗaya cikin huɗu, idan kuma an bar shi ya yi ta gwadawa babu ragin maki, dannawa huɗu ta ishe shi wuce kowace tambaya. Idan ka ga yaro na danna amsa kafin muryar ta gama karanta tambaya, ka san inda aka kwana.

Akwai kuma wanda ya fi yaudarar iyaye: yaro yana gudu a cikin jijiyar jini yana tsince tsabar zinariya yana kauce wa dodanni, can sai ƙofa ta tare shi da tambaya, ya amsa, ya ci gaba da gudu. Daɗin yana wajen gudun, ilimin kuma ya zama shingen da ke tare masa daɗi. Masu bincike biyu a Ingila, Jacob Habgood da Shaaron Ainsworth, sun gwada wannan a aikin da suka wallafa a 2011. Sun haɗa wasan lissafi iri biyu: a ɗaya, raba lamba shi ne ainihin makamin da yaro ke yaƙi da shi, a ɗayan, ana yaƙin ne kawai sannan a kawo tambayoyin lissafi tsakanin matakai. Yaran da suka buga na farko sun fi koyo, kuma da aka bar wasu yara su zaɓa da kansu, lokacin da suka ba na farkon ya ninka na biyun sau bakwai. Lissafi aka gwada, amma hukuncin ya hau kan darasin jiki daidai. A wasan jini na ƙwarai, ɗaukar iskar oksijin daga huhu a kai wa tsokar da ke aiki shi ne wasan kansa, kuma wanda ya tsallake huhu tsokarsa ta gaza a gabansa.

Rukunin da ya fi kusa da haka shi ne mai kwaikwayon aikin jiki, inda babu maki sam. Sanannen misali shi ne manhajar The Human Body ta kamfanin Tinybop da ta fito a 2013: yaro ya ba jikin abinci ya bi shi har ya fita, ya sa shi gudu ya ga zuciya da numfashi sun ƙara sauri. Raunin irin wannan shi ne rashin inda aka dosa. Yaron da aka bari shi kaɗai zai gano yadda ake sa jikin gyatsa da tusa, ya tare a nan yana dariya. Sai da babba a gefe mai jefa tambaya. Wasannin "likitan tiyata" da "likitan haƙori" na kyauta kuwa, waɗanda ake tsaga ciki a ciro ƙusa da cokali a shafa magani ciwo ya ɓace nan take, ba su cancanci a kira su darasi ba.

Me ya sa aka nace a kan aiki maimakon suna? A 2002 Michael Reiss da abokan aikinsa sun wallafa binciken da aka sa yara 'yan shekara 7 da 'yan 15 daga ƙasashe 11 su zana abin da suke zaton yana cikin jikinsu. Yara sun zana gaɓoɓi da dama, amma kaɗan ne suka haɗa su da juna a matsayin tsari mai aiki. Ga zuciya a rataye, ga huhu, ga tumbi, babu bututun da ya sada wannan da wancan. Ke nan sunaye ba su ne gibin ba. Wasan da ya ƙara wa yaro sunaye ashirin bai nuna masa hanyar da abinci, iska da jini ke bi ba, ya zuba ne inda da ma a cike yake.

Kurakuran da ke shiga kan yaro ba a sani ba

Babbansu shi ne na dama da hagu, kuma ba laifin mai zane ba ne. Ƙa'idar zanen jiki a likitance ita ce mutumin da ke hoton yana fuskantarka, don haka damansa tana hagunka, kamar yadda likita ke karanta hoton ƙirji. Hanta tana dama, ƙarƙashin haƙarƙari, amma a fuskar waya a hagu take fitowa. Tumbi da saifa suna hagu, a waya kuma a dama. Gwajin ba ya cin minti ɗaya. Uwa ta ce, "Abba, ajiye wayar, ɗora hannunka a kan hantarka." Yaron da ya cinye wasan sau goma zai iya ɗora hannu a hagu, ya ce, "Ga ta nan, Umma," da cikakken yaƙini. Gyaran shi ne a tsayar da shi gaban madubi, a manna kwamfutar a ƙirjinsa fuskarta na kallon waje, kamar hoton cikinsa ne ake leƙawa. A nan zai ga hanta ta faɗo ɓangaren hannun da yake cin abinci da shi. Abin ba na wasa ba ne kawai: afendis ma a ƙasan ciki ta dama yake, kuma yaron da ya iya nuna wurin da ke masa ciwo daidai ya sauƙaƙa wa likita aiki.

Sai launin jini. Kusan duk wasannin suna zana jijiyoyin da ke fita daga zuciya da ja, masu komowa da shuɗi, yara kuma su ɗauka akwai shuɗin jini a jikinsu, musamman da suke ganin jijiyar hannu kamar shuɗiya ta cikin fata. Jini ja ne ko'ina; wanda ya sauke oksijin ɗinsa ya fi duhu, shi ke nan. Ƙa'idar launin ma takan juye a tsakanin zuciya da huhu, kuma a nan ake gane wasan da masani ya duba. Zuciya ɗaki huɗu gare ta. Jinin da ya zagayo jiki yana shiga ɗakin sama na dama, ya sauka na ƙasa na dama, daga nan a tura shi huhu. A huhu ya sauke iskar da jiki ya gama da ita ya ɗauki oksijin, ya dawo ɗakin sama na hagu, ya sauka na ƙasa na hagu, wanda ke harba shi zuwa jiki gaba ɗaya. Saboda haka jijiyar da ke fita daga zuciya zuwa huhu ita ce ke ɗauke da jini mai duhu, masu dawowa daga huhu kuma mai haske. Babu ƙofa tsakanin ɓarin dama da na hagu a zuciyar mai lafiya. Likitan nan Ibnun Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, shi ya ƙaryata tsohon ra'ayin Jalinusu, likitan Girkawa na dā, cewa jini na ratsa bangon tsakiya ta wasu ƙananan ramuka, ya ce ta huhu yake bi, kusan ƙarni huɗu kafin likitan Ingila William Harvey ya bayyana cikakken zagayen jini a 1628. Abin takaici, har yau akwai wasan da ke barin ɗigon jini ya tsallaka daga dama zuwa hagu kai tsaye don a gajarta zane.

Zuciyar kanta ba a can gefen hagu take ba. Tana tsakiyar ƙirji bayan ƙashin ƙirji, bakinta ne ya karkata hagu, girmanta kuma kamar dunƙulen hannun mai ita. Wannan karkatar ce ta sa huhun hagu yake da ɓari 2, na dama 3. Wasan da ya zana huhu biyu iri ɗaya sak, ko ya nuna su suna kumbura da kansu, ya bar muhimmin abu: huhu ba ya jawo iska da ƙarfinsa. Shimfiɗaɗɗiyar tsokar da ta raba ƙirji da ciki ce ke sauka, haƙarƙari ya buɗe, iska ta shigo. Haka nan a duba maƙogwaro. Hanyar iska tana gaba, ta abinci tana bayanta, da wani ɗan murfi na guringuntsi da ke rufe ta iska lokacin haɗiya. Yaron da ya ga wannan ya fahimci dalilin ƙwarewa, da dalilin da ake hana shi surutu da abinci a baki.

Lokaci da girma su ma akan murɗe su. A wasa, loma na fita cikin daƙiƙa goma. A jiki takan yi awa biyu zuwa huɗu a tumbi, tafiyar duka kuma ta ɗauki kwana ɗaya zuwa uku. Kafin a bar wa yaro kowace manhaja, a gwada ta da alƙaluman da ba sa canzawa: ƙashin babba 206, na jariri ya fi haka domin wasu sai daga baya suke haɗewa, haƙarƙari 12 a kowane gefe, ga namiji da mace duka, ƙashin wuya 7, haƙoran madara 20, na manya 32. Idan ta nuna taswirar harshe, wai zaƙi a gaba ɗaci a baya, tsohon kuskure ne da aka daɗe da watsarwa, kuma alama ce cewa babu masanin da ya bi ta kanta.

Harshen koyarwa ma ƙaya ne ga yaran nan. A makaranta da Larabci ake karantar da kimiyya, a gida da Hausa ake cewa ciki na ciwo, manhajar kuma sau da yawa Turanci take yi. A zaɓi mai Larabci don ta dace da littafin makaranta, iyaye su riƙa faɗin sunan Hausa a gefe. Amma a buɗe ta a duba rubutun tukuna. Wasu injinan haɗa wasa, irin su Unity, ba sa haɗa haruffan Larabci da kansu sai an ƙara musu gyara, shi ya sa za ka ga kalma ta fito haruffanta a warwatse, an kuma jera su daga hagu. Yaron da ke koyon karatu ba ya buƙatar wannan ruɗani. Ga wanda bai iya karatu ba tukuna, murya ta fi rubutu.

Batun al'aura kuwa, manhajojin yara da yawa sukan cire sassan haihuwa ko su ajiye su a sashen da sai iyaye sun buɗe, amma manhajojin ɗaliban likitanci ba sa ɓoye komai, kuma a kasuwa ɗaya ake samunsu. Uba ko uwa su fara bin manhajar mataki-mataki su kaɗai. Lambar shekaru da ake liƙa wa wasanni a Saudiyya, irin su 3, 7, 12, 16 ko 18, tana magana ne a kan dacewar abin da ke ciki, ba ta ce ilimin daidai ne ba. Haɗarin da ya fi kusa ma talla ne. Wani bincike na Jami'ar Michigan ya duba manhajoji 135 na ƙananan yara, ya sami talla a kashi 95 cikin ɗari. A na kyauta, tallan kan rufe fuska gaba ɗaya da ɗan maɓallin fita da yatsan yaro ba ya samu, sai ya tsinci kansa a kasuwar manhajoji. Matakan kariya sanannu ne: a sauke wadda ke aiki ba intanet, a kashe intanet ɗin lokacin wasa, a sa kalmar sirri a kan duk wani saye, a kulle na'urar a kan manhaja guda da Guided Access a iPad ko maƙale fuska a Android. Wasan ƙasusuwa da ya nemi izinin ganin lambobin waya ko wurin da kake, a goge shi.

Daga gilashi zuwa jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2019, ba ta son a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban fuskar na'ura, 'yan 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a yini. Ga ɗan firamare, minti 15 zuwa 20 a kan tsari guda ya wadatar, kada a haɗa ƙashi da jini da hanji a zama ɗaya. Kafin a kunna, a ba shi takarda ya zana abin da yake zato. Bayan wasa a kife na'urar, a kai abin jikinsa. Idan zuciya ce, ya ɗora yatsu biyu, ban da babban yatsa, a wuyan hannu ƙarƙashin gindin babban yatsa, ya ƙirga bugu na daƙiƙa 15 ya ninka sau 4. Ɗan makaranta da ke hutawa yakan samu tsakanin 70 da 110. Ya yi tsalle na minti ɗaya ya sake ƙirgawa, sannan a tambaye shi dalilin ƙaruwar. Idan hanji ne, a auna igiya mita 6 don ƙaramin hanji da mita ɗaya da rabi don babba, a ce ya nannaɗe su su shiga faɗin cikinsa. Bayan kwana biyu ko uku a sake ba shi farar takarda ba tare da ya buɗe wasan ba. Abin da ya fito a zane na biyu shi ne ya zauna.

Gani ya kori ji, kuma a nan mahauci ya fi kowace manhaja. Lokacin layya, ko ma ranar Juma'a a kasuwar nama, a roƙi a bar zuciyar rago a haɗe da huhu da maƙogwaro. Yaro ya shafa maƙogwaron ya ji zoben guringuntsin da ke hana shi rufewa. A yanki ɗan huhu da ɗan hanta a jefa a kwanon ruwa: huhu zai taso saboda iskar da ke cikinsa, hanta ta nutse. A tsaga zuciyar a kwance, a nuna masa bangon ɗakin ƙasa na hagu, wanda kaurinsa ya kai kusan ninki uku na na dama, domin shi ke tura jini har tafin ƙafa, na dama kuwa huhu kawai yake kaiwa. A gaya masa inda rago ya saɓa da mutum, kada a gyara kuskure da kuskure: tumbinsa kashi huɗu ne namu ɗaya, haƙarƙarinsa 13 a gefe namu 12. A wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Akwai gidajen da darasin jini ya wuce sha'awa. Cutar sikila sananniya ce a tsakanin Hausawa, haka ma a gabashi da kudu maso yammacin Saudiyya, inda gwajinta kafin aure ya zama wajibi tun 2004. Jar ƙwayar jini mai lafiya takan rayu kwana 120, mai siffar lauje kuwa kwana 10 zuwa 20, kuma takan maƙale a ƙananan jijiyoyi ta tare hanya. Yaron da ya ga haka a wasa yana gane abin da ya sa ake matsa masa da shan ruwa a zafin Makka. An taɓa gwada irin wannan a wata cutar: wasan Re-Mission na matasa masu ciwon daji, a binciken da ya fito a 2008 kan marasa lafiya 375, ya ƙara musu sanin cutar da kiyaye shan magani.

Wanda ya rasa wasa mai muryar Hausa yana iya haɗa ƙarami da kansa, ko ya sa ɗansa ɗan shekara goma ya haɗa. Manhajar haɗa wasa ta Scratch, da aka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka, kyauta ce, tana da Larabci, kuma akwai wadda ake saukewa ta yi aiki ba intanet. Filinta ɗigo 480 ne a faɗi, 360 a tsayi. A zana gangar jiki a matsayin bango, a sa kowace gaɓa ta zama hoto mai zaman kansa da aka ba izinin ja, a ajiye ƙaramar alama a mazauninta. Umarnin shi ne: idan nisan gaɓar da alamarta bai kai 20 ba ta manne, in ba haka ba ta koma gefe, murya ta faɗi dalili. A rubuta "dama" da "hagu" a kan hannuwan hoton tun daga farko. Gaɓa biyar ta isa zagayen farko. Wajen naɗar muryar, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a tsaya kamar taƙi ɗaya daga makirufo, kowane bayani kada ya wuce jimla biyu.